Me kogi yake nufi a adabin 'yan asalin nahiyar Amurka?

Tambaya: Wata ɗalibar nazarin adabi ce ta aiko. An ba ta aikin rubutu a kan abin da kogi yake alamtawa a adabin 'yan asalin nahiyar Amurka, wato mutanen da Turawa suka tarar a can. Ta ce duk inda ta duba amsa ɗaya take gani: kogi rayuwa ne, ko kuwa shuɗewar lokaci. Iyakar abin ke nan? Kuma ta ina za ta kama aikin?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan amsar da kike ta cin karo da ita riga ce da aka ɗinka don ta shiga kowa, shi ya sa ba ta zauna wa kowa daidai ba. Mutanen da kike magana a kansu al'ummomi ne ɗaruruwa, tun daga ƙanƙarar arewacin Kanada har kudancin Chile. Ƙidayar Brazil ta 2010 kaɗai ta lissafa ƙabilu 305 da harsuna 274, ƙasar Amurka kuma ta amince da al'ummomi fiye da 570 a hukumance. Masunci a dajin Amazon da manomin da ke ban ruwa a kan tsaunukan Peru ba kogi ɗaya suke kallo ba. Don haka kafin ki tambayi ma'ana, ki fara da tambayoyi uku: wane kogi, na waɗanne mutane, kuma ta hannun wa maganar ta iso takarda.

Akwai kuma wani tarko a cikin kayan aikin da aka koya miki. A darasin adon harshe, in mawaƙi ya ce kogi ya yi magana, sai mu ce mutuntarwa ce, domin mun riga mun yanke cewa kogi ba ya magana, mawaƙin ne ya ara masa baki. In ya ambaci kogi yana nufin mutuwa, mu ce alamtarwa. To, da yawa daga cikin waɗannan marubuta ba aron baki suke yi ba. A wurinsu kogin kaka ne, ko hanya ce da kakanni suka bi wadda har yau ake iya nuna zangunanta da yatsa. Natalie Diaz, mawaƙiya 'yar ƙabilar Mojave wadda ta ci kyautar Pulitzer a 2021, ta faɗa ƙarara a waƙarta ta kogin Colorado cewa in ta ce kogin yana gudana a jikinta, kada a ɗauke shi siffantawa, domin sunan mutanenta da kansa, Aha Makav, da ruwan yake ɗaure. Ba dole ne ki gaskata abin da suka gaskata ba. Dole ne dai ki rubuta shi yadda suka faɗe shi, in ba haka ba nazarinki zai koma bayanin abin da ke kanki ne, ba abin da ke cikin matanin ba.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne yankin kogin Vaupés, kan iyakar Brazil da Kolombiya, gidan ƙabilun Tukano, Desana, Barasana da 'yan'uwansu. A 1980 wani dattijon Desana, Firmiano Lana, da ɗansa Luiz Lana suka wallafa labarin asalin mutanensu da sunan Antes o mundo não existia, ma'ana "a da babu duniya". Yana cikin littattafan farko da 'yan asalin Brazil suka rubuta da hannunsu. A cikinsa kakannin mutane sun taso daga Tafkin Madara a cikin wani kwale-kwale wanda shi kansa ƙatuwar mesar ruwa ce. Jirgin ya yi ta haurawa, ya bi Amazon, ya shiga Rio Negro, ya shiga Vaupés, yana tsayawa a gidaje na ƙarƙashin ruwa ɗaya bayan ɗaya. A kowane gida matafiyan suna samun wani abu, waƙa ko kayan rawa ko harshe, suna ƙara zama mutane, har suka fito doron ƙasa ta wani rami a duwatsun magangarar Ipanoré. Ramin yana nan, ana zuwa a gan shi.

Baƙon mai karatu yakan gaji da jerin sunayen gidajen nan, ya tsallake su yana neman inda labari zai ci gaba. Babban kuskure ke nan, domin jerin shi ne labarin. Wanda ya fara sauka daga jirgi shi ne wa, wanda ya sauka daga baya ƙane, kuma a kan wannan tsari ake auna girman zuriya har gobe. Manyan gidajen zuriya su ne kan mesar, mazauninsu ƙasan kogi inda ruwa ke da faɗi da kifi. Ƙananan gidaje su ne wutsiya, mazauninsu can sama wajen mafarin ƙoramu. Masu magani kuma sukan bi zangunan nan da baki, suna kiran sunayensu bi da bi, lokacin raɗa wa jariri suna ko yi wa majinyaci tofi. Kin ga kogi ɗaya ya zama littafin nasaba, ya zama takardar mallakar ƙasa, ya zama hanyar addu'a. Abin ya kai har hukumar adana kayan tarihi ta Brazil ta yi wa magangarar Iauaretê rajista a 2006 a matsayin wuri mai tsarki na waɗannan ƙabilu. In kika ɗauki irin wannan matani, abin da za ki riƙa alamta wa kanki a gefen shafi shi ne alkibla: haurawa ake yi ko gangarawa? Haurawa, daga gabas zuwa yamma, tafiyar zama mutum ce. Ba a kama wannan da jimlar "kogi rayuwa ne".

A Amurka ta Tsakiya aikin kogi ya sha bamban. Popol Vuh, littafin Mayan K'iche' na Gwatamala, an rubuta shi da harshensu a haruffan Turawa wajen shekarun 1550, wani limamin coci mai suna Francisco Ximénez ya kwafe shi a garin Chichicastenango a farkon shekarun 1700, kwafin nasa kuma yana ɗakin karatu na Newberry a Shikago. A hanyar Xibalba, ƙasar sarakunan mutuwa, akwai koguna da ake ƙetarewa: na jini, na mugunya, da wani wanda fassarori suka saɓa a kansa, wasu suka ce na kunamu, wasu suka ce na ƙayoyi. (Wannan kaɗai ya isa ya sa ki riƙe fassara biyu a gabanki, kada ki gina babi guda a kan kalmar da mai fassara ya zaɓa.) Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa kogunan nan su ne suke halaka matafiya. Ki koma ki karanta da kyau. 'Yan'uwa biyu da suka fara bin hanyar a labarin sun ƙetare su lafiya ba tare da sun sha ba. A mararrabar hanyoyi huɗu aka ci su, sannan suka gaida gumakan katako suna zaton sarakuna ne. Tagwayen da suka biyo bayansu, Hunahpu da Xbalanque, ko taka ruwan ba su yi ba, a kan bututun farautarsu suka haye, irin wanda ake hura dunƙulen yumɓu da baki a harbo tsuntsu.

Wurin da ya cancanci ki daɗe shi ne ƙarshen labarin tagwayen. Da suka san za a kashe su, sai suka shirya da wasu masu duba biyu, Xulu da Pacam, cewa in sarakunan suka nemi shawara a kan ƙasusuwansu, su ce a niƙe su lukui kamar garin masara a zuba a kogi. Aka yi haka. A rana ta biyar aka gan su a ruwa da kamannin kifi, daga nan suka dawo mutane suka ci sarakunan mutuwa da dabara. Gari, ruwa, tsiro: duk manomin masara ya gane abin da ake faɗa, balle a littafin da ya ce da ƙullun masara aka yi mutanen ƙwarai. A nan kam akwai alamtarwa ta gaske, kuma matanin da kansa ya miƙa miki mabuɗinta da ya ambaci niƙa. Kogi ɗaya a wannan ƙasa ta mutuwa shinge ne ga mai shiga, kuma shi ne ƙofar mai dawowa.

Na Nahua, mutanen daular Aztek a Meziko, ba sai mun daɗe ba. A kundin da Bernardino de Sahagún ya tattara da dattawansu da ɗalibansu, wanda aka kammala wajen 1577, mamaci yakan yi tafiyar shekara huɗu kafin ya isa kogin Chiconahuapan, kuma kare ne yake fito da shi. Ba kowane kare ba: fari yakan ce ya riga ya yi wanka, baƙi ya ce ya riga ya ɓata jikinsa, sai ja-ja mai ruwan ɗorawa ne ke ɗauka. Abin lura shi ne wanda ruwa ya ci ba ya bin wannan hanya sam, Tlalocan yake tafiya, gidan ubangijin ruwan sama a imaninsu, kuma binne shi ake yi, ba ƙonawa ba. Sannan kalmarsu ta gari, altepetl, haɗin "ruwa" da "dutse" ce. Wanda ya rubuta cewa kogi a wurinsu mutuwa ne kawai ya bar rabin maganar a ƙasa.

A tsaunukan Andes kalma ɗaya, mayu, ita ce kogi a harshen Quechua, ita ce kuma sunan farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata. Manoman yankin Cusco suna ɗaukar kogin Vilcanota a matsayin takwaran na sama: ruwa ya gangara teku, kogin sama ya ɗebo shi, ya dawo a matsayin ruwan sama. Zagaye ne, alhali karatun "kogi shuɗewar lokaci ne" ya ginu a kan cewa abin da ya wuce ba ya dawowa. A zamanin daular Inka ma, sau ɗaya a shekara a cikin damina, akan tare ƙoramar da ta ratsa Cusco, a zuba tokar hadayun shekara, a saki ruwan, masu gudu su raka ta da fitilun wuta har Ollantaytambo.

Da wannan a zuciya za ki buɗe Los ríos profundos, wato "koguna masu zurfi", na José María Arguedas, wanda ya fito a 1958. Sai dai ki faɗi gaskiyar matsayinsa a aikinki: Arguedas ɗan lauya ne, ba ɗan ƙauyen Quechua ba ta jini, amma a hannun masu aikin gida 'yan Quechua ya tashi, da harshensu ya yi wayo, ya kuma yi waƙoƙi da shi. Yaron labarin, Ernesto, an ajiye shi a makarantar kwana ta 'yan coci a Abancay, kuma duk lokacin da ƙazantar makarantar ta ishe shi sai ya gangara kogin Pachachaca. Gadar da ke kansa Sifaniyawa ne suka gina, yaron kuma ya kasa tantance wanne ya fi so tsakanin gadar da kogin. Rabuwar zuciyarsa ke nan tsakanin duniya biyu, an ajiye ta a wuri guda da ake iya tsayawa a kai.

Kalmar da za ki bi sawunta a littafin ita ce yawar mayu, "kogin jini". Kada ki yi saurin haɗa ta da kogin jinin Popol Vuh, babu dangantaka. Wannan sunan kogi ne a damina, daga wajen Disamba zuwa Maris, lokacin da ya cika ya yi jajir da laka yana tumɓuke itatuwa, kuma sunan matakin da rawa ke kai wa maƙurar zafinta ne. Tun a babin farko yaron ya taɓa katangar Inka a Cusco ya ji duwatsun suna motsi kamar wannan ambaliya. Daga baya mata masu sayar da giyar masara suka yi bore saboda an ɓoye gishiri ana bai wa shanun masu gonaki. A ƙarshe talakawan da ke ɗaure da gonakin nan, waɗanda ko ɗaga ido ba sa yi, annobar zazzaɓin ƙwarƙwata ta tashe su, suka ƙetare kogin suka cika garin duk da masu tsaron da aka girke. Kogin rani mai sheƙi da kogin damina mai ɓarna abu biyu ne a littafin, ki riƙa rubuta lokacin shekara a gefen kowane wurin da aka ambace shi, za ki ga tsarin ya fito da kansa.

A Amurka ta Arewa, ƙabilar Cherokee suna kiran kogi Dogon Mutum, kansa a kan tsauni, ƙafafunsa a kwari, yana magana a hankali wadda sai masani ke ganewa. Akan je gare shi da asuba, a fuskanci gabas, a nutsa sau bakwai, kuma ruwa mai gudu ake nema. Addu'o'in wannan wanka masu maganinsu sun rubuta su da haruffan da wani ɗan ƙabilarsu, Sequoyah, ya kammala a 1821, wani Bature mai bincike, James Mooney, kuma ya tattara su a ƙarshen ƙarni na 19. Haudenosaunee kuwa, ƙawancen wasu ƙabilu na wannan arewan, suna da ɗamarar duwatsun ado mai layi biyu masu launin shuni a kan fari, wadda a riwayarsu ta samo asali daga yarjejeniya da mutanen Holan a 1613: kwale-kwalensu da jirgin baƙi suna tafiya a kogi ɗaya, kowa a layinsa, babu mai kama wa wani akala. Wannan alama ce da aka ƙulla da gangan, ta siyasa, kuma su da kansu suke fassara ta haka.

Sai abin da ya fi cika rubutun ƙarni na 20 zuwa yau, wato madatsun ruwa. Wanda ya san yadda tsohuwar Busa ta nutse a ƙarƙashin tafkin Kainji a 1968 zai fahimci zafin abin. Madatsar Garrison a kan kogin Misuri ta cinye fiye da eka 150,000 na ƙasar Mandan, Hidatsa da Arikara, mafi albarkar fadamarsu. Akwai sanannen hoton shugabansu George Gillette yana kuka a wurin sa hannu kan takardar miƙa ƙasar a 1948. A ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles a kogin Columbia, cikin 'yan sa'o'i magangarar Celilo, inda aka yi dubban shekaru ana kamun kifi da cinikayya, ta yi shiru. Madatsar Tellico ta nutsar da tsofaffin garuruwan Cherokee a 1979, ta tsayar da Dogon Mutum a wurin. Don haka idan kin ga tafki a ƙagaggen labarin marubucin waɗannan al'ummomi, ki tambayi abin da ke ƙarƙashinsa. Sau da yawa kaburbura ne da gonaki.

A Wind from an Enemy Sky na D'Arcy McNickle, wanda ya fito a 1978, dattijon labarin yana ganin madatsar a matsayin kisan ruwa, kisa na zahiri. Solar Storms na Linda Hogan, 1995, ya ɗauko rikicin madatsun James Bay na ƙasar Cree a Kanada, ya jera raunin jikin yarinya da raunin ƙasa. Thomas King kuma, a Green Grass, Running Water na 1993, ya ɗauki taken ne daga alkawarin da aka riƙa yi wa 'yan ƙasa cewa ƙasarsu tasu ce muddin ciyawa na tsiro, ruwa na gudu. Tsayar da ruwan ke nan warware alkawarin. A ƙarshen littafin madatsar ta fashe, motoci uku suna yawo a kan ruwan, sunayensu na kwaikwayon jiragen Kolambus uku. A kudu, ranar 5 ga Nuwamba 2015 madatsar dagwalon ma'adinai ta Fundão ta ɓalle kusa da Mariana a Brazil, mutum 19 suka mutu, laka mai guba ta bi Rio Doce fiye da kilomita 600 har teku. Mutanen Krenak suna kiran wannan kogi Watu, kakansu. Ailton Krenak, wanda aka zaɓa cikin majalisar marubuta ta Brazil a 2023, yakan ce kakan nasu dogon suma ya yi. Zaɓin kalmar yana da nauyi, domin mai suma ana jinyarsa ana jiran farkawarsa.

Yanzu ga yadda zan ba ki shawara ki tsara aikin. Kada ki ɗauki nahiyar gaba ɗaya. Matani biyu sun isa, ɗaya tsoho na baka da aka rubuta, ɗaya na zamani, kuma zai fi kyau su fito daga yanki guda, misali labarin magudanan ruwa na kundin Huarochirí, tarin labaran baka na Peru na wajen 1608, wanda Arguedas da kansa ya fassara daga Quechua a 1966, tare da littafinsa na koguna. Ki nemi kogin a taswira, ki san mafarinsa da inda yake zuba da watannin cikarsa. Ki tsamo duk wurin da aka ambace shi, ki rubuta abu huɗu a gaban kowanne: da wane suna aka kira shi, na gida ko na Turawa, ana haura shi, ana gangara shi ko ana ƙetare shi, wane lokaci ne na shekara, kuma shi ne mai aikata aikin jimlar ko shi ake yi wa. Na ƙarshen nan ya fi sauran tona asiri. Sai bayan kin gama wannan za ki yanke ko alama ce, ko ɗan'uwa ne, ko kuwa wurin wanki ne kawai, domin wani lokacin iyakarsa ke nan, kuma matsa wa kowane ambato ma'ana shi ma ɓata aiki ne.

Ki kula da hannun da ya riƙe alƙalami. Sahagún da Ximénez limaman coci ne, Mooney ma'aikacin gwamnati ne, kowannensu da abin da ya sa shi rubutu, kuma hoton ƙetare kogi zuwa lahira yana da takwara a wa'azin Kirista wanda zai iya shiga fassara ba a sani ba. Waƙar Hiawatha ta Longfellow ta 1855, wadda injin bincike zai fara kawo miki, Bature ne ya yi ta, ba ta cikin wannan adabi.

In da Hausa za ki rubuta, akwai wata matsala tamu ta gida. Hannu zai yi saurin rubuta "aljanin ruwa" ko "dodon kogi", domin su muka sani. Amma aljani a tunaninmu wani ne da ke zaune a cikin ruwa, dabam da ruwan, dodo kuma abin tsoro ne. Watu ba mazaunin kogi ba ne, shi ne kogin, kuma masu shi kaka suke ce masa. Mesar Vaupés ma jirgin kakanni ce, babu mai neman kashe ta. Ki bar sunayen yadda suke, Watu, mayu, Xibalba, ki yi bayanin kowanne da jimla ɗaya a wurin da ya fara fitowa, sannan duk inda marubucin ya ce "kaka" ke ma ki rubuta kaka.